Ɗaura Garmar Ture Dusar Ƙanƙara a Kan Lodar Tarakta

Wanda yake da tarakta mai loda a gaba, wato hannuwan ƙarfe biyu masu ɗaga bokiti, kuma yake zaune a ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe hanya watanni da yawa a shekara, kamar Kanada ko arewacin Amurka ko Finland, ba ya daɗewa yana share hanya da bokiti kafin ya soma tunanin garma. Bokiti ɗiba yake yi, da ya cika sai a tsaya, a ɗaga, a juya, a zubar, a ja da baya a sake farawa. Garma kuwa, wato faffaɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake karkatarwa hagu ko dama, mirgina dusar take yi zuwa gefen hanya tarakta na cikin tafiya, shi ya sa doguwar hanyar da bokiti zai cinye wa mutum safiya a kanta garma kan gama ta da zuwa da dawowa kaɗan. Ɗaura ta a kan loda yana da wata fa'ida da garmar gaban mota ba ta da ita, domin idan aka kai ƙarshen hanya ana iya ɗaga hannuwan loda a tura dusar sama a tara ta tsibi, wuri ya ragu don ta gaba.

Abin da nake so wanda zai yi wannan aikin ya riƙe tun daga farko shi ne, hannuwan loda an ƙera su ne don ɗagawa sama da turawa gaba kai tsaye. Garmar da aka karkatar tana ɗora musu nauyi ta gefe, kuma idan kusurwarta ɗaya ta ci karo da kututture ko bakin siminti da dusa ta ɓoye, dukan yakan sauka a hannu ɗaya ya murɗe shi. Lodar da ta murɗe ba ta cika komawa daidai ba, bokitinta zai riƙa taɓa ƙasa da gefe ɗaya kafin ɗayan har iyakar rayuwarta, kuma gyaranta ya fi kuɗin garmar nesa ba kusa ba. Saboda haka duk shawarar da za a yanke wajen ɗaurawa, ina auna ta da wannan tambayar: idan garmar ta daki abin da ba ya motsi, wane ɓangare ne zai ba da kai kafin dukan ya isa ga loda?

Hanya mafi sauƙi ita ce garmar da ake maƙalawa a leɓen bokiti a ɗaure da noti ko sarƙa. Tana da arha, ba ta buƙatar walda, kuma ana cire ta cikin 'yan mintoci. Duk da haka ban cika ba da shawararta ba, sai ga wanda hanyarsa gajera ce kuma dusar da ke sauka a wurinsa ba ta da yawa. Tsawon bokiti yana ƙaruwa a kan tsawon hannuwa, garma ta koma can nesa da tayoyin gaba, sannan leɓen bokitin da ba a yi shi don ɗaukar duka a wuri ɗaya ba yakan lanƙwashe. Hanyar da ta fi ita ce a sauke bokitin gaba ɗaya a sa garma a mazauninsa.

A nan sai mutum ya duba irin mahaɗin da ke bakin lodarsa, wato abin da ke riƙe bokiti a jikin hannuwan. Yawancin ƙananan taraktoci a Amurka da Kanada suna amfani da mahaɗin da kamfanin Bobcat ya fito da shi a farkon shekarun 1970, wanda daga baya ya zama gama-gari: faranti mai leɓe a sama, da liba biyu da ke tura fil biyu ƙasa su kulle. Manyan taraktocin gona, musamman na Turai, suna da mahaɗin Euro mai ƙugiya biyu a sama da sanda mai shiga ramuka a ƙasa. John Deere yana da nasa tsarin na ƙugiya da fil a kan ƙananan lodocinsa, tsofaffin lodoci kuma da yawa ba su da mahaɗi sam, fil huɗu ne kawai ke riƙe bokiti. Ana sayar da farantin ƙarfe da aka riga aka yanke daidai da kowane tsari, wanda mai walda zai gina sauran aikin a kansa. Farantin milimita 6 ya yi sirara ga wannan aikin idan ba a ƙarfafa bayansa ba, na milimita 10 ya fi kwantar da hankali, amma kada a manta kowane kilo da aka ƙara a can gaba ana rage shi ne daga abin da lodar ƙaramar tarakta za ta iya ɗagawa.

Faɗin garma lissafi ne mai sauƙi da mutane da dama ke tsallakewa. Garmar da aka karkatar ba ta share faɗinta duka. A digiri 30, wanda shi ne iyakar karkatar yawancinsu, abin da take sharewa kusan kashi 87 cikin 100 ne na faɗinta, don haka mai mita 2.1 tana share kimanin mita 1.8, mai mita 1.8 kuma ba ta kai mita 1.6 ba. Dole wannan ragowar faɗin ya wuce faɗin tayoyin baya daga waje zuwa waje, in ba haka ba tayoyin za su riƙa taka dusar da ba a share ba suna danne ta, ta daskare ta zama ƙanƙara mai santsi. Sai a auna tayoyin da tef kafin a sayi garma. Wuce gona da iri ma matsala ce, domin dusa ba nauyinta ɗaya ba. Busasshiya da ta sauka cikin tsananin sanyi takan yi ƙasa da kilo 100 a mita ɗaya ta kowane gefe, jiƙaƙƙiya kuwa takan ninka haka sau uku ko fiye. Garmar da ƙaramar tarakta ke turawa cikin sauƙi a watan Janairu tana iya gagarar ta a watan Maris idan dusar ta sha ruwa.

Mutane da yawa ba sabuwar garma suke saya ba, tsohuwar garmar a-kori-kura suke nema, irin ta kamfanonin Western ko Meyer ko Fisher, su mayar da ita ta tarakta. Ina goyon bayan wannan dabara ƙwarai, domin garmar mota tana zuwa da abubuwan da suka fi wuyar ƙerawa a gida: lanƙwasar da ke mirgina dusa yadda ya kamata, da firam mai siffar alwatika a bayanta, da silinda biyu na karkatarwa, wato bututun da matsin mai ke tura sanda daga cikinsu, da sifirin na kariya, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya koma. Aikin da ya rage shi ne haɗa wannan firam da farantin loda, kuma a nan ne ake yin yawancin kurakurai.

Na farko shi ne nisa. Firam ɗin garmar mota dogo ne, domin an yi shi ya fito daga ƙarƙashin gaban mota. Idan aka liƙa shi a fuskar faranti yadda yake, garmar takan yi nisa da tarakta fiye da kima. Duk wanda ya taɓa riƙe bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu ya san yadda nisa ke ƙara wa abu nauyi, kuma haka yake a nan ta fuska biyu. Nauyin garma yana ƙara danne tayoyin gaba yana sauƙaƙa na baya, sannan dusar da ke tura karkatacciyar garma ta gefe tana samun dogon hannu da za ta kautar da gaban tarakta, mutum yana juya sitiyari dama tarakta na zamewa hagu. Maganinsa a gajarta firam ɗin, ko kuma a sa kunnuwan ƙarfe masu rami da yake rataye a kansu a ƙarƙashin farantin su ɗan koma baya, a bar tazarar da za ta ishi kusurwar garma ta karkata iyakarta ba tare da ta taɓa hannun loda ko tayar gaba ba. Kafin a kunna injin walda, yana da kyau a jera komai a ƙasa mai lebur, a karkatar da garmar hagu da dama da hannu, a juya sitiyari har ƙarshe, a ga inda abubuwa ke haɗuwa.

Na biyu shi ne tsayin kunnuwan daga ƙasa. Garma tana juyawa ne a kan babban fil guda da ke tsakiyarta, kuma bakinta ba zai kwanta a ƙasa daga wannan kusurwa zuwa waccan ba sai wannan fil ɗin yana tsaye cak, wato sai firam ɗin yana kwance daidai da ƙasa. Idan bayansa ya ɗaga ko ya sauka, ba za a ga aibun ba muddin garmar tana fuskantar gaba, amma da an karkatar da ita sai kusurwa ɗaya ta nutse cikin ƙasa ɗayar ta tashi ta bar dusa a baya. A kan loda ana iya gyara wannan da libar da ke kifar da bokiti, sai dai mai tuƙi ba ya ganin firam ɗin daga kujerarsa. Yawancin lodoci suna da 'yar sanda mai nuna kwanciyar bokiti, sai a daidaita firam ɗin sau ɗaya a fili mai lebur, a sa alamar fenti a sandar, daga nan a riƙa komawa kan alamar.

Na uku, wanda a ganina ya fi duka muhimmanci, shi ne yadda garma za ta bi tudu da kwarin hanya. Libar loda tana da wani wuri a ƙarshen gaba, idan aka tura ta can sai ta maƙale, man haidirolik, wato man da matsinsa ke motsa loda, ya riƙa kai da komo a silinda ba matsi, hannuwan su sauka da nauyinsu suna bin ƙasa. Mutum zai zaci wannan ya wadatar, ya yi wa garmar walda ƙam a jikin faranti ya dogara da sakin hannuwa. Abin da ke faruwa shi ne, hannuwan loda suna rataye ne a can sama kusa da mai tuƙi suna gangarowa gaba, don haka idan dusa ta yi nauyi ta tokare garma, tarakta takan ci gaba da turowa ta hau kan hannuwanta, tayoyin gaba su yi sauƙi ko ma su bar ƙasa. Tayoyin gaba kuwa su ne sitiyari, kuma a tarakta mai jan ƙafa huɗu su ne wani babban kaso na ƙarfin ja. Shi ya sa na fi son a bar garmar ta yi lilo da kanta yadda take yi a jikin mota: firam ya rataya a kan fil biyu yana hawa da sauka, a ɗaure sarƙa daga saman faranti zuwa gaban firam don ɗagawa. Sai a tsayar da hannuwan loda a tsayin da ya dace a bar su a kulle, a ɗan saki sarƙar, garma ta kwanta da nauyin kanta kaɗai, nauyin loda kuma ya zauna a kan tayoyin gaba inda ake buƙatarsa.

Sarƙa tana da nata rauni, domin ba ta danna garma ƙasa, kuma akwai ranar da motoci suka riga suka taka dusa ta manne, sai an danna kafin ta kankaru. Wasu masu ƙera garmar loda sun warware wannan da dogon rami a maimakon sarƙa, inda fil ke zamewa sama da ƙasa na 'yan santimita. A tsakiyar ramin garma tana lilo, idan kuma aka kifar da faranti har fil ya kai ƙarshen ramin sai nauyin tarakta ya sauka a kanta. Mai sarƙa ma yana iya sa ƙarfen tokare da zai yi wannan aikin. Haka nan yana da kyau garmar ta samu 'yar damar jirkicewa gefe da gefe, saboda loda a manne take da jikin tarakta, idan tayar baya ɗaya ta faɗa rami sai kusurwar garma ta can gaba ta tashi sama ko ta soke ƙasa.

Sifirin na kariya ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne. A yawancin garmuna, idan baki ya daki wani abu sai garmar duka ta kife gaba ta haye shi, sifirin ya ja ta ta koma mazauninta. A tsarin da aka san Fisher da shi, bakin ƙasa ne kawai ke lanƙwashewa baya, jikin garma ya tsaya da dusar da ya tara. Kowanne ya yi, in dai yana aiki. Na ga garmunan da aka kashe musu wannan motsi da walda don masu su suna so su riƙa tura ƙasa da tsakuwa da su, kuma na ɗauki hakan a matsayin cire wa loda kariyarta. A tsohuwar garma a duba fil ɗin kifewa, domin tsatsa da gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara sukan kama su har su daina motsi, a kwance su, a goge, a sa giris.

Karkatar da garma da hannu, ta hanyar cire fil a juya a mayar, yana yiwuwa, amma sauka daga tarakta cikin sanyi a ƙarshen kowane layi yakan sa mutum ya daina karkatarwa gaba ɗaya. Don amfani da haidirolik ana buƙatar layin mai zuwa gaban loda. Wasu taraktoci suna da bawul na uku, wato abin buɗe wa mai hanya da rufewa, ban da na ɗaga hannuwa da na kifar da bokiti, maɓallinsa kuma yana kan libar loda. Inda babu, ana iya sa bawul na lantarki mai karkatar da man silindar bokiti zuwa garma idan an danna maɓalli, ko kuma a jawo dogayen tiyo biyu daga mahaɗan mai na bayan tarakta, wanda shi ne mafi arha. Silindar garmar mota turawa kawai kowace take yi, don haka tiyo ɗaya ke zuwa ga kowace, idan wannan ta miƙe sai ta mayar da waccan. Abubuwa biyu ne ba za a bari ba. Famfon tarakta yana ba da mai fiye da ƙaramin famfon lantarki na mota, garma takan fizga da ƙarfi ta bugi ƙarshenta, sai a sa ɗan matsattsen mahaɗi a layin ya rage gudun man. Sannan famfon mota yana da bawul a cikinsa mai barin mai ya tsallaka daga silinda ɗaya zuwa ɗayar idan kusurwar garma ta sha duka, kuma wannan bawul ɗin ya tafi tare da famfon da aka bari a jikin mota. Dole a sayi irinsa a sa tsakanin tiyo biyun, in ba haka ba man da aka kulle ba shi da mafita, ko tiyo ya fashe, ko silinda ta lanƙwashe, ko dukan ya wuce zuwa loda. Matsin haidirolik na tarakta yakan kai bar 170 zuwa 200 a ma'aunin matsi, kuma siririn mai da ke fita daga huda a irin wannan matsi yana iya ratsa fata, saboda haka ba a neman yoyo da hannu, da kwali ake nema, kuma ana kashe inji a motsa liba a sauke matsi kafin a taɓa mahaɗi.

A kan kwalta ko siminti bakin ƙarfe yana iya sauka kai tsaye, wanda kuma yake tsoron karce daɓe mai ado sai ya sa bakin roba. Hanyar tsakuwa ta fi wuyar sha'ani, musamman a farkon hunturu kafin ƙasa ta daskare, lokacin da garma ke kwashe tsakuwar ta zuba a ciyawa. Takalman ƙarfe biyu da ke bayan garma suna ɗaga bakin santimita ɗaya ko biyu, amma a ƙasa mai laushi sukan nutse su ja layi. Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce a tsaga bututun ƙarfe a tsawonsa a sanya shi a bakin garma, zagayensa ya riƙa zamewa a kan tsakuwa. Idan aka bar siririn shimfiɗin dusa ya danne ya daskare a saukar farko, sauran lokacin ana iya cire bututun.

Garma da farantinta da firam nauyi ne na ɗaruruwan kilo a gaban tarakta, kuma sai an rama shi a baya. Ana rataya akwatin nauyi ko wata na'urar aiki mai nauyi a mahaɗin baya, ana kuma cika tayoyin baya da ruwan da ba ya daskarewa. Ruwan gishirin kalsiyam yana da nauyi da arha amma yana cin ƙarfen wili idan ya yi yoyo, wanda ake yi daga gwoza mai sukari kuma ba ya kawo tsatsa. A kan ƙanƙara mai santsi nauyi kaɗai ba ya isa, sai an sa sarƙa a tayoyin baya. Game da sa sarƙa a na gaba, a duba littafin taraktar tukuna, domin wasu kamfanoni ba su yarda da shi ba saboda wahalar da yake ɗora wa giyar gaba.

Duk kariyar da aka lissafa tana aiki ne a gudu mai hankali. Ƙarfin karo yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu, kuma sifirin da zai iya shanye duka a kilomita 6 cikin awa ba lallai ya shanye shi a 12 ba. Tun kafin dusar farko ta sauka ya kamata a bi hanyar da ƙafa a kafa dogayen sanduna masu ƙyalli a bakin kwalbati, da gefen siminti, da murfin rijiyar ruwa, da duk wani dutse da ya leƙo. A sa 'yan sanduna biyu a kusurwoyin garmar ma, domin daga kujera ba a ganin ƙarshenta. Ƙarfen kariya na bayan kujera ya kasance a miƙe, bel kuma a ɗaure, kuma idan za a ɗaga garma don tara dusa sama a yi hakan tarakta na fuskantar tsibin kai tsaye, garmar ma a miƙe ba a karkace ba, saboda hawa tsibi da taya ɗaya ga kaya a sama yana iya kifar da tarakta.

Bayan aikin farko a sake ɗaure duk notuna, domin sabon haɗi yakan saki. Daga nan lokaci lokaci a duba waldar kunnuwan firam, da sandar da ta haɗa hannuwan loda biyu, da wurin da loda ta kama jikin tarakta. Siririn layin tsatsa a gefen walda ko fentin da ya tsage alama ce ta tsagewar ƙarfe, kuma gara a gyara ta tun tana ƙarama. Idan hunturu ya wuce aka mayar da bokiti, a sauke shi a hankali a kan siminti mai lebur, iskar tayoyi daidai, a duba ko gefensa biyu suna taɓa ƙasa lokaci guda. Garmar kuma a ajiye ta a kan katako, a shafa giris a sandunan silinda da suka fito waje, a rufe bakin tiyo don kada ƙura ta shiga man.